Shagon da Haliru Ya Zana a Waya

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gindin iccen bedi da ke Ƙofar Kwaya ya san Haliru kafinta, don ko ba ka gan shi ba za ka ji shi. Hannunsa ba shi da laifi. In ya yi maka benci, sai dai 'ya'yanka su gaje shi. Bakinsa ne matsalar, kullum yana can gaba hannun na biye da shi da gudu. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma babu mai taya shi kiran sunan sai in ana neman tsokana.

Shekara da shekaru a wata rumfar kwano yake aiki bakin titi, har ran da gwaggonsa Hajiya Sabuwa ta aika aka kira shi. Garejin gidanta ya daɗe ba mota, ta ce ya kwashe injinansa ya koma ciki. Sharaɗinta ɗaya ne: gado da wadrob na jikarta Ramla, wadda ake shirin bikinta, su kammala kafin ranar jere.

"Ka ji ni ko, Haliru? Ba na son mata su zo ɗaukar kaya a ce masu ana shafa fenti."

"Gwaggo, ki sa a ranki an gama. Sai dai ni ba zan shiga shagon nan irin shigar kafintocin da ba, a jibge inji nan a jingine katako can. Zane za a fara yi, a kwamfuta."

"Kana da kwamfutar?"

"Waya ai kwamfuta ce da ba ta gama girma ba."

Hajiya ta dube shi, ta miƙa masa makulli, ta ce Allah ya kyauta.

Garejin yana kallon titi. Bangonsa na dama shi ne bangon shagon Malam Sammani tela. A bangon baya kuma akwai wata 'yar taga da ta leƙa lungu, inda Hawwa mai waina take kafa tandarta kowace safiya. A bencin Malam Sammani Haliru ya zauna zaɓen manhajar da za ta zana masa shago, yana bayani da ƙarfi don masu wucewa su amfana.

Ta farko da ya sauke, yana buɗe ta sai ta tambaye shi tsawon ɗakin, da faɗinsa, da tsayin rufi.

"Wannan ba ta da tarbiyya," in ji shi. "Daga haɗuwa ko gaisuwa babu, sai tambaya kamar na shiga caji ofis."

"Halan ba sai ta san ɗakin za ta zana shi ba?" Malam Sammani ya ce, ƙafarsa na kan keke.

"In ni zan gaya mata komai, mene ne amfaninta?"

Ya goge ta. Ta biyu layuka ne kawai baƙi da fari, da lambobi ƙanana a gefe. Ya ce ko katin asibiti ya fi ta fara'a, ita ma ya sallame ta. Ta ukun ce ta shiga ransa. Tana buɗewa da kiɗa, ga ɗaki fes mai labule, kuma duk abin da ka ja da yatsa ka ajiye sai ta yi maka tafi ta watso taurari. Ba ta tambaye shi awon komai ba.

"Ka ga mai mutunci," ya ce. "Ta san da wanda take magana."

Malam Sammani ya leƙo ta saman tabarau. "Wagga kau kamar irin wadda jikokina ke wasa da ita."

"To jikokinka sun samu ilimi da wuri, ka gode wa Allah."

Abu ɗaya ya so ya kawo cikas: a cikin kayan manhajar babu injin yankan katako. Akwai firji, akwai kushin, akwai bahon wanka, akwai kantar littattafai. Haliru bai ga abin damuwa ba. Ya ce firji shi ne injin yanka, baho shi ne injin goge katako, kushin teburin aiki, kanta kuma ma'ajiyar falankai. Da firjin ya ƙi shiga tsakanin baho da bango, sai ya sa yatsu biyu ya matse shi har ya koma kamar kwalin ashana. Nan take ya shige, wayar ta yi tafi.

"In injin ya zo, shi ma da yatsu za ka matse shi?"

"Malam, kai ɗinki ka sani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Haka maƙwabcin mai akuya ya ce da ya sayo kura. Kuma ni ne mai akuyar."

Kafin la'asar duk majalisa ta ga zanen. Har mai shayi sai da aka tsayar da shi yana tsakiyar juye ruwan zafi aka nuna masa taurarin.

Washegari Haliru ya ɗauko Zakari magini. So yake a zuba wa kowane inji dakalin kankare a ɗaure shi da noti, yadda ko girgiza ba zai yi ba. Zakari mutum ne da ba ya musu da mai aiki. In ka ce ya gina maka rijiya a saman soro, tambayarsa kawai ina yashi.

"Ƙafa nawa daga bango?" ya tambaya.

Haliru ya ɗora babban yatsa a fuskar wayar ya auna. "Yatsa ɗaya da ɗan ƙari."

"Yatsa a waya, a ƙasa kuma fa?"

"Ka ƙiyasta mana. Kai ba magini ba ne?"

Zakari ya ƙiyasta. Abin da su biyun ba su lura da shi ba, lokacin da Haliru ya kwantar da wayar a gicciye don Zakari ya gani da kyau, hoton ya juya. Bisa juyayyen hoton aka zuba dakalan duka. Sai da simintin ya kama sannan Haliru ya tsaya tsakiyar gareji, ya dubi waya, ya dubi bango, ya ɓata fuska.

"Zakari, ginin nan akwai kuskure. A zane ƙofa tana dama, amma wanda ya yi garejin ya kai ta gaba."

"To ya za a yi?"

"Gini ne zai bi zane. Fasa nan."

Zakari ya ɗauki guduma da ƙarfe. A daidai lokacin Malam Sammani na can ɗaya gefen ya shimfiɗa farar shadda zai yanka. Ya ji dum, ya ji dum, sai ga bakin ƙarfe ya ɓullo ta bangonsa kusa da kalanda, jar ƙasa ta zubo a kan shaddar. Ya sunkuya ya leƙa ramin, ya yi ido huɗu da Haliru.

"Salamu alaikum," in ji Haliru.

"Wa alaikumus salam. Injiniya, mi kake nema a shagona?"

"Ƙofa ce za ta fito nan."

"Ta fito ta je ina? Masu sayen gado ta kan kekena za su riƙa bi?"

"Zane ne ya nuna haka, Malam. Duba ka gani."

Ya ɗaga wayar tsaye don ya nuna masa ta ramin. Hoton ya sake juyawa, ƙofa ta koma gaba inda take tun fil azal. Haliru ya dubi wayar, ya dubi ƙofar.

"Ka ga aikin ilimi," ya ce. "Ta ji ƙorafinka, ta gyara da kanta."

Aka cusa buhun siminti a ramin. Haliru ya ɗauki shaddar ya kai wa mai wanki da ƙafarsa, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa an yi ramin ne don shan iska.

Dakalai kuwa sun riga sun bushe, ba su san an gyara zane ba. Da aka kawo injinan aka ɗaure, injin yanka ya zauna dab da ƙofa ta gefen hagu, bakinsa na kallon tagar baya. Injin goge katako ya tare tsakiya. Teburin aiki ya cinye abin da ya rage. Hanyar da ke tsakaninsu sai mutum ya bi ta a karkace, Haliru kuma mai tumbi ne, sai ya ja numfashi ya riƙe kafin ya wuce. Ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, ba a ɓarnar wuri.

Da safe aka kawo wuta, ya ce bari ya gwada. Ya ɗora dogon falanki, ya kunna inji, ya tura. Falankin ya tafi sumul, ya wuce inji, ya isa bango, bai samu wurin tsayawa ba sai taga. Ya fice lungu. Haliru na ta turawa yana yabon kaifin zarto, har sai da ya ji ƙarar roba ta kife.

Bai gama kashe injin ba Hawwa ta zagayo, ludayi a hannu, zanenta duk ƙullu.

"Malam Haliru, ina kwana."

"Lafiya lau, Hawwa. Ya kasuwa?"

"Kasuwa tana ƙasa, kaji na ci. Ina zaune ina juya waina sai ga katako ya fito ta taga kamar an aiko shi, ya ture robar ƙullu, ya tsaya a kan kafaɗata. Wadda ke cikin tanda kuma dusar katakonka ta rufe ta. Wani ya ɗanɗana ya tambaye ni ko na koma yin ta da dusa."

"Ai tagar nan, a tsarin, mafitar katako ce."

"A tsarin wa? Ni da nake lungun nan tun kana rumfar kwano ba a gaya mani ba."

Haliru ya kawo shawara cewa duk lokacin da zai turo falanki zai ce a kauce. Hawwa ta tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda ya kauce da tanda mai wuta a ƙarƙashi. Mutanen lungu suka taru, masu jiran waina da kwanoninsu a hannu suka goyi bayanta gaba ɗaya, don yunwa ba ta san zane ba. Aka yanke cewa ba zai kunna inji ba sai ta kwashe tanda. Hawwa kuwa ba ta tashi sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin kuma sau da yawa an ɗauke wuta.

Haka aiki ya riƙa tafiya da ɗingishi, biki na matsowa. Gadon ya gama shi gunduwa-gunduwa, ya rataye a rufi don babu wurin ajiyewa. Wadrob kuwa babu inda za a haɗa shi sai ɗan filin da ke bayan ƙofa. A nan ya tayar da shi, ƙato mai ƙofa uku da madubi a tsakiya, ya sha gam ya sha ƙusa.

"Ba irin na haɗe-haɗen nan ba ne," ya gaya wa majalisa. "Dunƙule guda ne. Ko giwa ta jingina da shi sai dai ta ji ciwo."

Bai tsaya nan ba. Ya je har gida ya gayyaci Alhaji Abbas, shugaban ƙungiyar kafintocin unguwa, ya zo ranar jere ya buɗe shago, ya ga yadda ake tsara wurin aiki a zamanance. Ya ce gara a haɗa biyun, mata su ga kaya, maza su ga ilimi.

Ranar jere da safe saura allon baya na wadrob bai buga ba. Ya karkata ya shige bayansa, ya ga wurin ɗaga guduma ya yi kaɗan, sai ya sa kafaɗa ya tura shi gaba wajen ƙofa. Ya matsa. Ya ƙara turawa. Wadrob ya tafi ya cusa kansa a bakin ƙofar, samansa ya daki ginin saman ƙofa, gefensa ya ciji dakalin injin yanka, ya tsaya cak. Haliru bai kula ba. Ya buga allonsa tsaf, ƙusa kusa da ƙusa, ya ja baya yana yaba aikinsa. Sai da ya nemi hanyar fita ya ga babu. Ya ja, ko motsi. Ya tura, ya ƙara cijewa. Tagar baya kuwa ko kansa da ƙyar, balle tumbi.

Yana cikin haka ya ji guɗa. Mata sun iso da a-kori-kura, Hajiya Sabuwa a gaba. Kusan tare da su Alhaji Abbas ya sauko daga mota da babbar riga, kafintoci na biye da shi. Abin da suka tarar shi ne gareji a buɗe, amma wadrob ya cike ƙofar daga sama har ƙasa, madubinsa na kallon titi.

Alhaji Abbas ya tsaya gaban madubin, ya ga kansa, ya gyara hula. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar wadrob.

"Salamu alaikum. Injiniya yana ciki?"

"Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe," murya ta fito daga baya. "Sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ta ina ake shiga?"

"Ana ɗan duba wasu abubuwa ne. Ku ɗan sha iska."

Alhaji ya buɗe ƙofar wadrob ya leƙa, babu kowa sai sandar rataye kaya. Ya rufe a hankali, ya juya ya dubi mutanensa. Wani daga cikinsu ya sa hannun riga ya toshe baki.

Hajiya Sabuwa ta matso. "Haliru."

"Na'am, Gwaggo. Ina kwana?"

"Ban kwana ba. Fito da kayan yarinya."

"Ai kayan sun fito, Gwaggo, ga shi kina gani. Rabinsa ma yana waje."

"Sauran rabin fa?"

"Shi ne muke tattaunawa da shi."

Sai aka ga buhun da ke toshe ramin bangon Malam Sammani ya faɗo cikin shagon tela, hannu ya biyo baya riƙe da waya.

"Malam, don Allah miƙa wa shugaba. Ya ja wadrob ɗin da yatsa ya gani, a nan lafiya lau yake fita."

Malam Sammani ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi saƙon sarki, ya fito ya miƙa. Alhaji Abbas ya duba ya daɗe yana dubawa.

"Injiniya, wannan firjin fa?"

"Injin yanka ne."

"Bahon wankan?"

"Na gogewa ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya taɓa wani wuri bisa kuskure, wayar ta saki kiɗa ta yi tafi. Matan da suke ta danne dariya tun ɗazu suka sake ta gaba ɗaya, har mai a-kori-kura ya kwanta a kan sitiyari. Hawwa ta zagayo daga lungu da ludayinta, ta ce ita ba ta zo faɗa ba, kallo ta zo.

Hajiya Sabuwa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayar ta dubi hoton.

"A nan ya fita, ka ce?"

"Sumul, Gwaggo."

"To sai mu kai wa Ramla wayar ta jera kayanta a ciki."



Zakari magini, wanda ya zo kallon buɗe shago, ya ce in ana so zai fasa saman ƙofar yanzu. Hajiya ta ce duk wanda ya ƙara taɓa mata bango sai ya gaya mata wanda ya aiko shi. Aka koma shawara. Alhaji Abbas ya tuɓe babbar riga ya ba wani ya riƙe, ya ce abu na farko a fito da mutum tukuna. Babu hanya sai ɗaya: Haliru ya ɓalle allon bayan da ya gama bugawa. Aka ji shi yana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa kansa cewa wanda ya buga su ya iya aiki.

Can sai ƙofar tsakiya mai madubi ta buɗe. Haliru ya sunkuyo ya fito ta cikin wadrob, fari fat da dusar katako tun daga gashin ido har takalmi, guduma a hannu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa, aka ce ga amarya ta fito.

Ya tsaya ya kakkaɓe riga, ya dubi taron.

"Kun ga ƙarfinsa ko? Mutum ya bi ta ciki ko ƙara bai yi ba."

"Ɗauko zarto," in ji Hajiya.

A gaban kowa, da hannunsa, Haliru ya raba dunƙulen nan gida biyu, Alhaji Abbas na riƙe masa, kafintoci na ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Aka zaro ɓangare ɗaya, aka zaro ɗayan. Gadon kuma aka sauko da shi daga rufi aka riƙa miƙa shi falanki-falanki ta taga, Hawwa na karɓa a lungu tana cewa yau dai katako ya yi sallama kafin ya fito. A ɗakin amarya Haliru ya haɗe wadrob ɗin ya rufe tsagar da siririn katako, ya yi kyau har ba mai cewa an taɓa raba shi. Kafin magariba an gama jere. Hajiya ta zagaya ɗakin, ta buɗe ƙofofin ta rufe, ta ce aiki ya yi. Sannan ta ce gobe Zakari ya zo ya tuge dakalan nan duka, ya toshe ramin Malam Sammani, kuma in ta sake jin waya ta yi tafi a garejinta, makullinta za ta karɓa.

Da ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Sadiyya na bakin murhu tana kwashe tuwo, ta yi masa sannu da zuwa. Ya yi wanka ya fito, ya tsaya tsakar gida hannu a ƙugu, yana duban madafa.

"Sadiyya, kin san wurin nan an yi ɓarnar fili? Da za a matso da murhu nan, randa ta koma can, turmi kuma…"

"Murhun nan tun ina amarya yake wurin, bai taɓa kulle kowa ba," ta ce. "Zo ka ci tuwo. Amma ka zauna ta bakin ƙofa, mu ba mu da mai guɗa."

Ya zauna ta bakin ƙofar. Ya cinye, ya nemi ƙari, ya suɗe hannu. Sannan ya ce miyar ba laifi, sai dai da an tuntuɓe shi tun farko da ta fi haka.